Zalika Mai Kitso da Hannun da Bai Kai Kunne Ba

A makarantar firamaren da na fara koyarwa a Jibiya, in ka tambayi ofis mene ne aikin Zalika, shara za a ce maka. Ni dai na yi shekaru a wurin, ban taɓa ganin ta gama share aji ɗaya ba. Da ta kaɗa tsintsiya sau biyu sai ta jingine ta a bayan ƙofa, ta ɗauki tsinken kitsonta da 'yar kwalbar man shanu, ta shiga gari. Hedimasta, Malam Ummaru, ya sani sarai, don shi ya ɗauke ta saboda hakan. Gwamnati ce ba ta da sunan da za ta kira aikin, shi ya sa aka laƙaba wa baiwar Allah tsintsiya.

Aikin kuwa shi ne ta shiga gidaje ta shawo kan iyaye mata su saki 'ya'yansu su zo makaranta, in kuma iyayen suna da kuka ta ɗauko ta kawo mana.

A 1976 ne, shekarar da aka ce ilimin firamare kyauta ne ga kowa. Mu malaman da aka ɗauka a lokacin, sama-sama aka dafa mu aka sauke. Ni Salmatu, 'yar Katsina, ban fi wata nawa da barin benci ba aka miƙo mini alli aka ce ga aji ɗaya nan. Gari kuwa ya rikice da arzikin man fetur. Manyan motoci na ta dannowa zuwa iyaka ta Magama, siminti, shinkafa, atamfa, rediyo, kuɗi na yawo a titi kamar ba su da iyaye. To ka je ka ce wa mutum ya ba ka yaron da ke tura masa kaya a tasha, wai zai zauna yana rera a, ba, ca? Malamai maza iyakarsu zaure, ba shiga. Ni kuma in na shiga, sai matan gida su ba ni ruwa, su tambaye ni yaushe ne bikina, su rako ni ƙofa.

Zalika ba 'yar Jibiya ba ce. Daga wani ƙauye kusa da Madarumfa ta fito, a ƙasar Maraɗi, ko kuwa ƙasar Faransa kamar yadda tsofaffinmu ke kiranta har lokacin. Fari ne ya koro ta. Dabbobinsu suka ƙare, mijinta ya bi su, ta tsallako da ƙullin kaya ɗaya da sana'ar hannunta. Doguwa ce, baƙa, mai ƙaramar murya, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ko baƙi ɗaya ba ta iya karantawa. Ta daɗe tana kiran makaranta lakwal, tana kiran Malam Ummaru mushe, yadda ake kiran malamin boko a ƙasarsu, yara na yi mata dariya, ita ma tana taya su.

Na taɓa tambayarta me ya haɗa mai kitso da boko. Ta ce tana yarinya, in labari ya zo cewa dogaran sarki na tafe ɗibar yaran lakwal, ita ake ba ƙananan gidan ta ɓoye. Ta san rumbun da ke da sauran wuri, ta san tabarmar da za a naɗe yaro a ciki a jingine. Da hannunta ta tura ƙanenta Rabi'u cikin rumbu ta rufe. Ɗan maƙwabtansu, da uwarsa ta makara wajen ɓoyewa, aka tafi da shi ana kuka kamar an yi mutuwa. Shi ne ya zama malamin asibiti a Maraɗi. Rabi'u kuwa dako ya yi har bayansa ya tanƙware.

"Malama," in ji ta, "ni na san abin da ke cikin uwa in ta ji an ce lakwal. Ba wauta ba ce, tsoro ne. Ni ma da shi anka raine ni."

Salonta bai da wuya, amma ba wanda ya iya kwaikwayo. Da farko ba ta zancen makaranta. Ta yi sallama, ta tambayi lafiyar yara, ta dubi kan matar gida ta ce, "Kai, wanga kai ya yi kwanaki!" Sai a shimfiɗa tabarma. Sai matar ta kwantar da kai a cinyarta, an tsaga, an kama layi na biyu, sannan Zalika za ta soma, a hankali, kamar hira ce ta kawo.

"Wadda kanta ke bisa cinyarki, rabi a tsehe rabi a kitse, ina za ta tahi? Dole ta saurara," haka take ce mini, tana dariya.

Ita ma tana saurare. Daga cinyarta muka san cewa matan ƙauyen Daddara ba karatu suke ƙi ba, randar ruwa ce babu a makaranta, yara na dawowa da busasshen baki. Daga nan muka ji wane malami ne mai saurin hannu, har Malam Ummaru ya ja masa kunne. Ta taka zuwa Riko, ta taka zuwa Magama, da damina da rani, ta dawo da ƙafa duk faso da yara biyu ko uku a bayanta.

Gidan da ya fi ba ta wuya shi ne na Balki, a unguwar baƙi bayan tasha. Su ma fari ne ya koro su. Mijin, Mamman, yana sauke kayan manyan motoci a Magama. Balki ta baro gida da 'ya'ya uku, ta iso Jibiya da ɗaya. Mariya ke nan, 'yar siririya mai babban kai da idanu ƙuru-ƙuru, mai tambayar tsiya. Ko ƙofar gida uwar ba ta bari ta leƙa ita kaɗai. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Zalika ta yi damina guda tana kitse kan Balki, ba ta karɓar ko sisi. Rannan, ana cikin kitso, Balki ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Yaya Zalika, ita kaɗai gare ni."

"Na sani."

"In wani abu ya same ta hwa?"

"Amana ce, ni na ɗauka. Da hannuna zan kai ta, da hannuna zan maido miki."

Wannan maganar ce ta zama igiyar da ta ɗaure Zalika har ƙarshen rayuwarta.

Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai aka fito da tebur ƙarƙashin bishiyar bedi. Gwamnati ta yi gayya, ba ta san yawan waɗanda za su amsa ba. Yara suka cika fili, azuzuwan da aka yi alkawari kuwa bulo ne kawai a tsaye, ɗan kwangila ya yi ɓatan dabo. Umarni ya zo daga sama cewa sai mai shekara shida za a ɗauka. To wa ke da takardar haihuwa a Jibiyar wancan lokaci? Saboda haka aka koma ga tsohuwar dabara: yaro ya ɗora hannun dama ta bisa tsakiyar kai, ya kamo kunnen hagu. In ya kamo, ya isa makaranta. In bai kamo ba, sai baɗi.

Ina zaune a gefen teburin. Na ga ɗan wani attajiri, ɓulɓul da shi, wanda na san da ƙyar ya cika biyar, ya miƙa hannu ya cafko kunne kamar zai tsinke shi. Aka ce ya wuce. Sai ga Zalika riƙe da Mariya, an yi mata sabon kitso, an sa mata kwalli, uwarta na can nesa bakin shinge tana leƙe.

Mariya ta ɗora hannu. Ta yi ɗage, ta karkata wuya, ta cije leɓe. Tsakanin yatsanta da kunnen saura kamar gaɓar yatsa biyu.

"Baɗi," in ji Malam Ummaru.

Zalika ta durƙusa. "Ranka shi daɗe, ɗiyar ga ta wuce bakwai. Dubi bakinta, ta yi famfara tun bara. Yunwa ce ta hana hannun tsawo, ba shekaru ba."

Gaskiyarta ce, kuma kowa a teburin ya sani. Yaron da ya yi yaye a cikin fari kansa na girma, gaɓoɓinsa su tsaya. Malam Ummaru ba mugu ba ne. Ya dubi giɓin bakin yarinyar, ya dubi taron iyayen da ke kallonsa, kowa da nasa ɗan da aka mayar, ya ce, "Zalika, in na buɗe wannan ƙofa yau, wa zai rufe mini? Ki yi haƙuri."

Ba Mariya kaɗai ba ce. Yawancin 'ya'yan unguwar baƙi haka aka mayar da su, yaran da Zalika ta yi wata da watanni tana roƙo. Ta kwashe su ta mayar gida-gida, tana ba da haƙuri a kowace ƙofa kamar ita ta kafa dokar.

Ba ta zauna ba. Ta tara iyaye mata kaɗan, suka hau mota zuwa birni, wani ofishi da aka ce nan ake yanke irin wannan magana. Suka wuni a baranda. Da la'asar wani mai babbar riga ya fito, ya saurare ta da kunne ɗaya yana neman makullin motarsa. Da ya ji harshenta sai ya tsaya ya ce, "Baiwar Allah, ke daga ina?" Ta faɗa masa. Ya yi murmushi ya ce ai baƙo raɓa ne, ta gode wa Allah da aka ce za a ɗauki 'ya'yansu ko baɗin ma. Har yau in na tuna da wannan murmushi, da bakinta ta kwatanta mini shi, raina ɓaci yake. Ta dawo, kashegari ta ɗauki tsintsiyarta ta kaɗa sau biyu.

Abin mamaki, Balki da aka sha wuya kafin ta yarda, yanzu ita ta fi kowa zafi. An ƙi 'yarta a gaban jama'a, an ce ba ta isa ba. Wannan ya tsaya mata a wuya. Ita kuma Mariya kullum sai ta auna, ta tambayi duk wanda ya shigo gidan ko ya kai.

Zalika ta ce tunda doka ba ta tanƙwaruwa, to hannun za a miƙar. Ta fara da ciyarwa: ƙuli-ƙuli, kunun gyaɗa, nono in an samu, har ƙwan zabi takan ƙullo a bakin zane. Yarinya ta yi kumari, amma hannu ya ƙi sauri. Sai wata a cikin matan unguwar ta ce ai yaran mota, masu lilo a bayan manyan motoci, duk dogayen hannuwa gare su. Magana ta shiga kunnen Zalika. Akwai wata kurna a bayan gidan su Balki mai reshe a kwance. Aka soma ɗaga yara kowace safiya su kama reshen su yi lilo har su gaji. Yaran suka ɗauke shi wasa, suna ta ƙyalƙyala dariya. Ni ma na je na gani, na yi dariya, na ce Allah ya sa a dace. Ba wanda ya hango komai a cikinmu.

Da lokacin ɗauka ya matso, aka sake aunawa. Saura ƙiris, ɗan yatsan har yana shafar gashin da ke saman kunne. Ƙiris ɗin nan shi ya hana Balki sukuni. Wata safiya, Zalika ta tafi Magama, Balki ta ɗora Mariya a reshe, ta ce ta riƙe da kyau, ta kama ƙafafunta ta ja ƙasa. A hankali ta ja, ita ta faɗa da bakinta, kuma na yarda da ita. Hannun hagu ya suɓuce, nauyin duka ya koma kan na dama, kafaɗa ta goce.

An kai ta wurin Ɗantala mai ɗori, ya mayar, ya ɗaure. Ciwo ya warke, amma hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Zalika ta kwana uku ba ta zo makaranta ba. Da ta zo, ranar ɗauka ce, kuma ta zo ne don sauran yaran da ta yi wa iyayensu alkawari. Muka fito da tebur ƙarƙashin bedi. Malam Ummaru ya miƙe, fuskarsa a sake, ya ce albishirinku, an rufa sababbin azuzuwa da kwano, an ƙaro malamai, kuma an aiko cewa bana a ɗauki duk yaron da aka kawo. Ba sauran kama kunne.

Mutane suka yi ta hamdala. Na waiwaya na dubi Zalika. Tana tsaye da yaro a kowane hannu, bakinta a buɗe, kamar wadda aka mara. Da an yi wannan magana wata guda kafin nan! Ba wanda ya san ranar da aka yanke ta a can birni, ko kwana nawa ta yi a aljihun wani kafin ta iso mu. Wanda ya kafa dokar bai san Mariya ba, wanda ya ɗage ta ma bai san ta ba.

Da yamma ta ce in raka ta gidan Balki, wai ko ganin malama zai taimaka. Muka yi sallama. Balki na zaune tana tsince shinkafa, kanta ya yi buzu-buzu a ƙarƙashin ɗankwali, ta ƙi ɗagowa. Zalika ta zauna, ta ciro tsinke da kwalbar mai, ta ajiye a tabarma kamar kullum.

"Balki, kawo kan nan in gyara miki."

Balki ta sa hannu biyu ta ƙara tamke ɗankwalinta. "Kaina lahiya lau yake."

"An ɗage dokar. Gobe in kin yarda sai in tahi da ita, ba mai auna ta."

"Yaya Zalika, ba ni ganin laihinki. Ni na ja ta, da hannuna." Muryarta ba faɗa a ciki, shi ya fi ciwo. "Amma lakwal ɗin ga, tun ba ta shiga ba ta ci hannu guda. In ta shiga mi za ta ci? Ki bar mini sauran."

Na buɗe baki zan yi irin bayaninmu na malamai, Zalika ta taɓa mini gwiwa. Ta mayar da tsinkenta cikin zane, muka fito. Da muka kusa tasha sai ta ce, "Malama, matar da ta hana ki kanta, ta rufe ƙofa ke nan." Ta koma gidan ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Ana gaisawa, ana ba ta ruwa, amma Balki wata mai kitso ta koma wa a can ƙarshen unguwa. Ta bi ta wurin Mamman, ya ce shi abin da uwar ɗiya ta ce shi ke nan. Ta sa liman ya yi magana, aka ce masa to, ba a aikata ba.

Zalika ta ci gaba da aikinta har ƙarfinta ya ƙare. Yaran da ta kawo makarantar nan Allah kaɗai ya san yawansu. A cikinsu akwai malamai, akwai ungozoma a asibiti, akwai ma'aikacin kwastan da in ya gan ta yakan sauko daga mota ya durƙusa. In ana yaba mata sai ta kau da kai ta kama wata hira. Kuma tun daga shekarar ba ta ƙara ce wa wata uwa "ni na ɗauka" ba. Sai dai ta ce, "Mu gwada, Allah shi ne mai tsarewa."

Mariya kuwa talla aka ɗora mata, dafaffiyar gyaɗa, tunda dako ba kullum yake ciyar da gida ba. Wurin da ya fi ciniki a unguwar shi ne bakin makarantarmu lokacin tara. Mai hannu ɗaya da rabi ba ta iya sauke tire daga kai, ba ta iya ɗorawa. A gida uwarta ke ɗora mata. A bakin makaranta kuwa, kullum kafin a buga ƙararrawar tara, za ka ga Zalika ta bar duk abin da take yi ta je ta tsaya a ƙofa. Ita ke sauke mata, in yara sun koma aji ta gyara mata gammo ta ɗora mata. Ko Riko za ta, sai ta jira an yi tara tukuna.

Wata rana, shekara biyu bayan haka, ina tsaye kusa da su ina sayen gyaɗa. Zalika ta sauke tiren ke nan, sai Mariya ta ce, "Inna Zalika, tsaya ki gani." Ta ɗaga hannun hagu, ta bi da shi ta tsakiyar kai, ta kamo kunnen dama gaba ɗaya, har da ragi. Ta tsaya a haka tana murmushi, sababbin haƙoranta sun fito reras.

"Ya kai ko? In shiga?"

Ban taɓa jin kunyar allin da ke hannuna ba kamar ranar. Ajina na bayanmu, ƙofa a buɗe, akwai wuri a benci na biyu. Ba doka, ba hedimasta, ba mai babbar riga da zai hana. Amma akwai uwa a bayan tasha da ta ce a bar mata sauran, kuma Zalika, wadda ta taɓa ɓoye ƙanenta a rumbu, ba za ta saci ɗiyar wata ta kai aji ba.

"Ya kai, ɗiyata," in ji ta. "Ya kai ƙwarai."

Aka buga ƙararrawa, yara suka ruga aji. Mariya na nan tsaye riƙe da kunnenta, tana jiran sauran amsar. Zalika ta sunkuya ta naɗe gammo, ta zare hannun yarinyar daga kunnen a hankali, ta ɗora mata tiren.